Ranar da Motar Gwadabe Ta Haye Gada

A unguwar Biafra ta Treichville, cikin birnin Abidjan, in kana neman rumfar Kailu mai walda ba sai ka tambayi kowa ba, kunnenka zai kai ka. Tun hantsi ake jin kukan ƙarfe daga can, kuma ba ya yin shiru sai an kira salla. Kailu dogo ne siriri, ya ba hamsin baya, kuma ba shi da rigar da tartsatsi bai huda ba. Matarsa Zalihatu ta daɗe da haƙura, ta ce ko rigar Juma'a ce in ya sa, sai ya biya ta rumfa ya ɗan taɓa wani abu. Ƙofofi yake yi, da ƙarafan taga, da murhun gawayi na masu tuya a bakin titi. Aikinsa yana da ƙwari, maganarsa kaɗan ce. Aibinsa ɗaya, kuma duk unguwa ta san shi: bakinsa bai iya furta "ba zan iya ba". In aka ce abu ba ya yiwuwa sai ya fara kallon tarin ƙarfen da ke gefen rumfa, daga nan Zalihatu ta san cewa kwanakin nan ba za ta ga mijinta da wuri ba.

Yana saurayi ya sauko Abidjan daga Dogondutsi, da ƙullin kaya ɗaya da sunan mutum ɗaya a bakinsa, Gwadabe mai atamfa, mutumin Birnin Ƙonni. A lokacin haka ake yi. Baƙo ya sauka tasha, ya ambaci sunan maigida, a nuna masa hanya, ya samu tabarma da tuwo har ya tsaya da ƙafarsa. Gwadabe ya karɓe shi ba tare da ya tambaye shi ɗan gidan wane ne ba, ya zaunar da shi a shagonsa na kasuwar Adjamé don ya koyi ciniki. Ba a yi nisa ba ya gane cewa ya ɗauko wa kansa aiki, domin Kailu kan gaya wa mata wace atamfa ce ke zuba tun kafin su tambaya. Gwadabe bai yi faɗa ba. Ya dube shi ya ce wannan hannun ba na zane ba ne, ya kai shi wurin wani mai walda ɗan Togo a Treichville, ya danƙa shi. Da lokacin aure ya yi, shi ya shige gaba ya karɓa masa auren Zalihatu. Shi ya sa har yau, da furfura a gemunsa, Kailu ba ya zama kan kujera in Gwadabe na wurin.

Yanzu Gwadabe ya tsufa. Ya bar kasuwa, matarsa ta rasu, idanunsa sun yi hazo har sai ya ji murya yake gane mutum. Yana zaune shi kaɗai a ɗakinsa na haya, cikin wani tsohon gida a lungun bayan unguwar 220 Logements, can Adjamé. A ƙofar gidan akwai motarsa, tsohuwar Fijo da ake kira kat-san-kat, wadda da fara ce, yanzu kuwa sai dai a ce ruwan ƙasa. Ta yi shekaru ba ta motsa ba. Tayoyinta sun sace sun nutse a ƙasa, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta. Amma kullum da hantsi Gwadabe zai fito yana lalube, ya buɗe ƙofar direba, ya zauna, ya kunna 'yar rediyonsa. A nan yake karɓar gaisuwa, a nan yake sasanta tsofaffin abokan kasuwa, goronsa ma yana cikin ɗan akwatin da ke gaban mota. Mutanen lungun in suna kwatance sukan ce, ka wuce ofishin Gwadabe ka yi dama.

Sai magadan mai gidan suka sayar da gidan. Wanda ya saya ya ce zai rushe ya tayar da bene, ya ba 'yan haya wa'adi, kowa ya kwashe nasa ya tafi, aka bar tsoho shi ɗaya.

Wata ranar Talata 'yarsa Zuhura ta zo rumfar Kailu, ko kayan aikinta na asibiti ba ta cire ba. A Abidjan aka haife ta, Faransanci ya fi zama a bakinta, in ranta ya ɓaci kuwa Hausar sai ta riƙa tsinkewa. Tana aure a nan Biafra, layi kaɗan daga gidan su Kailu. Ta ce ta share wa tsohon ɗaki a gidanta, ta sa katifa, mijinta Sa'ad ya sa ƙarfen dafawa a makewayi, amma Papa ya yi ƙememe. Ya sake faɗuwa a tsakar gida ranar Lahadi, sai da mai sayar da burodi ta ji nishinsa.

"Tonton Kailu, ya ce ba ya tafiya ya bar mota," in ji ta, da kiran da ta saba yi masa, wato kawu da Faransanci. "Ya ce in sun so su rushe gidan a kansa. Ni na gaji, wallahi. Kai kaɗai yake ji."

Wannan ba gaskiya ba ce, Gwadabe bai taɓa jin maganar kowa ba, amma Kailu ya ajiye abin waldarsa ya bi ta.

Sun tarar da shi a mazauninsa. Kailu ya durƙusa a gefen taga ya gaishe shi, suka yi ta gaisuwa har ta ƙare, sannan Zuhura ta sake jero abin da aka gwada. An kawo motar jan mota, mai ita ya leƙa ƙasa ya ce in ya ɗaga gaban da sarƙa, baya zai tsaya a inda yake, domin tsatsa ta cinye cikin. Babbar motar da ake ɗora mota a kanta kuwa ba ta iya karya kwanar lungun. Wani mai sayen ƙarfe ya yi tayi, Gwadabe ya kore shi da sanda.

"Ba a jan ta da hanci kamar akuyar Salla," in ji tsohon. "In za ta tahi, a ɗauke ta da mutunci. In ta tahi, in bi ta in ga inda aka aje ta."

Kailu ya lura cewa bai ce zai zauna gidan Zuhura ba, cewa ya yi zai je ya gani. Amma ko wannan ɗin ya fi abin da Zuhura ta samu cikin wata guda. Ya kwanta rigingine ya shiga ƙarƙashin motar, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, tsatsa na zubo masa a fuska. Da ya fito ya tsaya yana kallon bakin lungun. Can ya ce zai ƙera remok, wato ƙaramar tirela mai shimfiɗaɗɗen gado, wadda za a turo da hannu har nan, a ɗora motar gaba ɗayanta, a-kori-kurar Sa'ad ta ja. Bai taɓa ƙera irinta ba. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai faɗa ba.

Ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, tsohon ya ji ƙarar zarewarsa ya ɗaga hannu. Ya ce wannan abin kafinta ne, shi ya yi rayuwarsa yana auna abin da ya fi mota daraja, a kawo igiya. Aka kawo igiyar shanya. Kailu ya riƙe bakinta a hancin motar, Gwadabe ya bi jikinta da tafin hannu yana jan igiyar har ya kai ƙarshe. Da ya kai, sai hannunsa ya zarce gaba da taƙi guda da ɗan ɗori, sannan ya ƙulla. Aka koma faɗi, ya sake yin haka. Kailu ya gani sarai. Gyara ce, irin wadda mai atamfa ke ƙara wa mai saye bayan an gama awo, kuma a Adjamé an san Gwadabe bai taɓa sa almakashi daidai kan awo ba. Hannun ne ya yi abinsa, mai hannun bai ma sani ba. Kailu ya naɗe igiyar ya sa a aljihu.

Washegari ya tafi kas, filin da ake farfasa matattun motoci a sayar da ƙarfensu, wurin Abdulra'uf. Abdulra'uf mutum ne da ba a cin ribarsa ko ta ƙusa. Amma da ya ji aikin na wane ne, sai ya shimfiɗa igiyar kan dogayen ƙarafa masu ƙwari, ya kai alli kan ƙullin, ya ɗan yi jim, ya matsar da allin gaba da faɗin hannu ya ja layi. Ya ce ba za a ce an yanka wa Gwadabe ƙarfe cif-cif a filinsa ba. Ya haɗa masa da gatari, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi biyu, na wata gbaka, irin ƙananan bas ɗin nan na haya, wadda ta gama zamaninta, da sifirin ɗinta, da wani tsohon injin jan sarƙa na hannu.

Mai hankali zai ce ai sai Kailu ya koma rumfa ya auna motar da tef a ɓoye, ya datse abin da ya yi yawa. Mai hankalin nan bai zauna da mutanenmu ba. Abin da aka ƙara maka don girmamawa ba ka sa masa wuƙa, balle a ga guntunsa yashe a ƙasa, labari ya koma Adjamé. Kailu bai ko yi shawara da zuciyarsa ba, yadda ƙarfen ya zo haka ya yi aiki da shi.

Rumfarsa ba ta ɗaukar abu mai girman nan, a bar shi a titi kuma masu tsintar ƙarfe su yi masa dare ɗaya. Saboda haka ya roƙi Hajiya Delu, mai gidan da suke haya, ta bar shi ya yi aikin a tsakar gida. Gidan irin na Biafra ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya, igiyoyin shanya sun sarƙe sama, Bahaushe da Bajule da Baule kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki. Hajiya Delu gajeriya ce mai murya, tana tuyar masa da safe, tana mulkin gidan sauran yini. Ta yarda, bisa sharaɗin tartsatsi ɗaya kada ya taɓa shanyarta. Aka riƙa shigo da ƙarafan ɗaya bayan ɗaya a kan amalanke.

Kwanakin da suka biyo baya gidan bai huta ba. Kailu ya jera dogayen ƙarafan biyu a kan bulo, ya gitta gajeru a tsakaninsu, ya ɗiga walda a kowace mahaɗa, ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa don kada gadon ya karkace, sannan ya bi ya cike. Duk sanda ya kunna injin, fitilun ɗakuna sai su yi ja, fankoki su rage gudu, mata su leƙo suna tsaki. Ya ɗaura sifirin, ya zaunar da gatarin a ƙarƙashi, ɗan baya da tsakiya don nauyi ya kwanta gaba. Ya yi dogon wuya mai siffar baka inda za a maƙala wa a-kori-kura, ya kafa injin sarƙar a kansa, ya shimfiɗa katakai masu kauri inda tayoyi za su hau. Wuyan nan sai da ya sake shi, domin na farkon ya lanƙwashe da maza huɗu suka hau suka yi tsalle don gwaji. Idanunsa suka yi ja, Zalihatu tana ɗiga masa ruwan sanyi tana mita, yana cewa saura kaɗan.

Mazan gidan kuwa kowa ya zama injiniya. In sun dawo daga kasuwa sai su kewaye abin, wannan ya ce a ƙara ƙarfe nan, wancan ya ce tayar hagu ta fi ta dama iska. An yi doguwar muhawara kan fenti, har aka kusa ɓatawa, kafin kore ya yi nasara. Duk cikinsu, da masu shawara da mai aikin, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi ƙofar gidan da yake shiga yake fita ta cikinta kullum.

Aka sa ranar Lahadi da safe, saboda hanya ba cunkoso, kuma ranar Litinin masu rushe gida za su iso Adjamé. Sa'ad ya kawo a-kori-kurarsa ya tsaya a waje. Zuhura ta riga ta tafi wurin mahaifinta. Maza suka kama remok, koren fentinsa na ƙyalli, suka tura da bismilla. Wuyan ya fita lafiya. Sai aka ji ƙarfe ya daki bango, ƙarar ta ratsa gidan, siminti ya zubo.

Aka ja baya, aka karkata, aka sake turawa. Ko kusa. Remok ya fi ƙofa faɗi da abin da ya kusa kamu guda.

Kailu ya tsaya riƙe da ƙugu, gumi na bin wuyansa. Tunda yake bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba dariyar mutane ta dame shi ba, ko da yake an fara ta a ɓoye a bayan labule. Tsohon da ke zaune can yana jira ne ya tsaya masa a rai. In ya ce zai yanke gadon ya rage faɗi ya sake haɗawa, aikin kwanaki ne, kuma gobe katafila za ta tarar da Gwadabe a cikin motarsa. Ya san shi, ba zai fito ba.

Wani ya ce a fasa gefen bango. Kafin ya rufe baki Hajiya Delu ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta dasa a bakin ƙofa ta zauna. Ta ce marigayi mijinta ne ya gina ƙofar nan da hannunsa, wanda ya isa ya zo ya fasa. Ba wanda ya isa.

Zalihatu ce ta fito daga ɗaki tana goge hannu da zane. Ba ta dubi mijinta ba, don kada ta ƙara masa. Ta tambayi matan gidan, wai gadon amarya da aka shigo da shi bara, a kwance ya shigo? Matan suka ce a'a, a kan haƙarƙarinsa. Ta koma ɗaki abinta.

Nan da nan Kailu ya kwance gatarin da tayoyin da katakan, aka fitar da su daban. Aka kira maƙwabta, har da masu wanki da masu jiran gbaka a bakin titi. Aka ɗaga gadon ƙarfen aka tsayar da shi a gefensa, masu salati na yi, masu ƙirga da Julanci na yi, aka ja shi a hankali zuwa ƙofa. Ya shiga kamar zai wuce, sai ya cije. Samansa ya tokare da kan ƙofa, ƙasansa ya hau dokin ƙofa, wannan tudun siminti da ake yi a gidajen Treichville don tare ruwan sama. Abin da ya hana bai fi yatsu uku ba.

Kailu ya ce a sauke. Ya shiga ya ɗauko injin yankan ƙarfe, ya durƙusa, ya sa alli a gefen gadon. Ko da zai ɓata aikin, ko da motar za ta zauna a takure, ba shi da wata hanya. Ya daɗe riƙe da injin bai kunna ba.

"Kai Kailu," in ji Hajiya Delu daga kujerarta, "wace irin mota ce wannan mai faɗin jirgi? Ni na san motar Gwadabe."

Ya gaya mata gaskiya, kansa a ƙasa. Ya ce Maigida ne ya auna, ya yi gyara, Abdulra'uf ya ƙara tasa, shi kuma ya kasa yankewa.

Hajiya ta dubi gadon ƙarfen. Sannan ta ce atamfar lefenta a shagon Gwadabe aka yanko ta, gyarar da ya yi har ɗankwali ta fitar mata da zanen goyo, da shi ta goyi ɗanta na fari. Ta miƙe ta kawar da kujerar.

"Ajiye wannan abin. Ba a gidana za a yanke gyarar Gwadabe ba. Ba ni guduma."

Ita ta fara dukan dokin ƙofar, duka biyu marasa ƙarfi, sannan ta miƙa wa Sa'ad. Ta juya baya ba ta kalli sauran ba. Ta dai gaya wa Kailu cewa damina na bakin ƙofa, in ruwa ya shigo mata ɗaki kafin ya mayar da tudun nan, shi da Zalihatu za su kwashe shi da cokali. Ya ce ya ji. Aka share ɓaraguzai, aka sake ɗaga gadon, ya wuce yana gogar sama da ƙasa, ya bar koren fenti a kan ƙofar.

Kafin a mayar da tayoyi a ɗaure komai a isa Adjamé, azahar ta wuce. Suka kwance remok a bakin lungu suka tura shi da hannu. Gwadabe na zaune a motarsa tun safe, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ya ƙi cin abinci. Bai haɗa kaya ba, ko tsinke. Da ya ji muryar Kailu sai ya ce ai ya ɗauka ƙarfen ne ya gagare shi. Kailu ya ce ƙofa ce ta ɗan yi gardama, bai ƙara ba.

Tayoyin motar sun ƙi juyawa, don haka aka haƙe gabansu, aka cusa katakai, aka shafe su da sabulu da baƙin mai. Kailu ya zagaya sarƙa ta inda ƙarfen cikin ke da sauran rai, ya kama hannun injin yana ja kaɗan kaɗan. Motar ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta girgiza, ta bar ramin da ta yi shekaru a ciki. Zuhura ta roƙi mahaifinta ya fito ya shiga gaban a-kori-kura. Ya ce bai taɓa ba wani tuƙin motar nan ba, ba kuma yau zai fara ba. Da shi a ciki aka ja ta har ta hau, aka ɗaure ta ta kusurwa huɗu.

Ƙofar direban ba ta kamawa, ga shi za a hau babban titi. A nan faɗin ya yi rana, domin ya bar wuri a gefe da mutum zai tsaya. Kailu ya hau ya tsaya a nan, hannu ɗaya ya danne ƙofar, ɗaya ya riƙe rufin. Mutanen lungun suka fito suna ɗaga hannu, mai burodi na share ido da gefen mayafi, tsohon kuwa ya kama sitiyari da hannu biyu yana kallon gaban da ba ya gani.

Sa'ad ya tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Suka bar hayaniyar Adjamé, suka ratsa tsakanin dogayen benaye da ba kowa ranar Lahadi, suka hau gada. Iskar ruwa ta shigo ta tagogin da ba gilashi, ta kumbura rigar Gwadabe. Yaran gbaka da ke wucewa suka riƙa leƙowa suna dariya, suna kiransa tsohon direba, suna cewa ya rage gudu. Kailu kunnensa na kan waldarsa, duk ramin da aka faɗa sai gabansa ya faɗi, amma ko ɗaya ba ta yi ƙara ba. Tsohon ya ɗan karkato ya ce a gaya wa yaron nan Sa'ad ya bar tsere. Kailu ya dube shi, ga furfura, ga hannuwan da suka yi sanyi a kan sitiyari, ya ji yana son mutumin nan fiye da yadda zai iya faɗa, ya kuma ji tsoron kada duk wahalar ta tashi a banza.

A ƙofar gidan Zuhura akwai bishiyar mangwaro. A ƙarƙashinta aka sauke motar, aka sa mata duwatsu. Maƙwabta suka taru suka yi sannu da zuwa, suka watse. Gwadabe bai fito ba. Aka kawo shayi ya ce a ajiye. Zuhura ta ce ga ɗaki can an shimfiɗa masa, ya yi kamar bai ji ba. Ya shafa sitiyari, ya buɗe akwatin goro ya rufe, ya saurari muryoyin da bai sani ba. Zuhura ta koma jikin bishiya ta tsaya, hawaye na zubo mata. Kailu ya tsuguna a gefen taga kamar yadda ya saba. Ya san in tsohon ya ce to ya gani, a mayar da shi, ba shi da bakin musa masa, kuma ba inda za a mayar da shi.

Suna nan har aka kira la'asar a masallacin layin. Gwadabe ya saurara har ladan ya gama. Sannan ya tura ƙofar, ya sauko da ƙafa ɗaya, ya laluba ƙasa, ya sauko da ɗayar, ya miƙe yana dafe da motar.

"Kailu."

"Na'am, Maigida."

"Nan ina ne gabas?"

Kailu ya tashi, ya kama kafaɗunsa biyu a hankali, ya juya shi har fuskarsa ta daidaita. Zuhura ta ruga ta kawo buta da tabarma. Tsohon ya tsaya a yadda aka juya shi, yana shafa ƙasa da yatsun ƙafarsa.

"Ka kahwa mini wani abu nan, wanda ƙahwata za ta ji," ya ce. "Ba kullum za ka zo ka juya ni ba."

Kailu ya ce to. Ya je ya zaɓo dutse mai tsawo daga gefen kwata, ya durƙusa a gaban ƙafafun maigidansa, ya fara haƙa masa wuri.